Gardamar Masu Jin Waƙa a Darmanawa

Duk wanda ya ratsa unguwar Darmanawa ta Kano bayan sallar lisha ba ya rasa tarar da mutane a ƙofar gida ko a teburin mai shayi, an ajiye waya a tsakiya ana jin kiɗa. Wannan ya sa tasa, wancan ya ce a dakata a ji wadda aka turo masa jiya. Abin ba sabo ba ne. Kakanninsu sun yi haka da faifan garmaho, iyayensu da kaset, ana aro ana kwafa. Bayan da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali sai abin ya koma kanta, har ya zama yaro ya je kasuwar waya ta Farm Centre, nan cikin Tarauni, a cika masa kati da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan.

Samari sun fi son waƙoƙin fim, amma in hira ta yi nisa, dattawa suka sa baki, a kan komo kan tambaya guda: tsakanin Shata da Narambaɗa wa ya fi? Mutanen wannan yanki kuwa suna ganin suna da haƙƙi a kan Shata, gama a Asibitin Malam Aminu Kano, nan kusa da su, Allah ya karɓi ransa a 1999, aka kai shi Daura aka rufe.

Masu son Narambaɗa sukan ce maganarsa ta fi nauyi, kuma gaskiyarsu. Ibrahim Narambaɗa makaɗin kotso ne, makaɗin fada, ubangidansa Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Irin waƙarsa a gida a kan shirya ta. Shi da yaransa su zauna su tsara, su maimaita, har ya zama in ya ɗauko magana ba sai ya ƙarasa ba, 'yan amshi su cafe su kai ta gaci. Saboda haka kowane ɗan waƙa nasa a ƙulle yake tamau, kamar karin magana. Ko guda aka ciro aka ajiye shi kaɗai, ya isa a kwana ana fassara.

To, a nan ne masu gardama ke kuskure, watau su ɗauki mudun fada su auna Shata da shi. Mamman Shata, mutumin Musawa, makaɗin kalangu ne, kuma makaɗin jama'a: sarki nasa, direba nasa, ɗan kasuwa da manomi duk nasa. 'Yan amshinsa ba sa ƙarasa masa magana. Gindin waƙa kaɗai suke riƙewa, su yi ta maimaita shi, shi kuwa a ɗan tsakanin nan yake ƙera abin da zai faɗa, a tsaye, gaban taro. Ya hango wani ya shigo, ya jefa shi ciki. Ya tuna wani gari da ya taɓa kwana, ya bi da kai can, ya zaga, sai ka ga ya komo daidai inda ya tashi ba ka san lokacin da ya juyo ba. Gwanintarsa a cikin tafiyar take. Wanda ya ji baiti biyu ya ce ya ji Shata, kamar wanda ya ɗebi ruwa a moɗa ne ya ce ya ga kogi.

Ga kuma inda wayar ta shiga gardamar ba da sanin kowa ba. Abin da a kan tura yanzu yawanci guntu ne, na rabin minti ko minti ɗaya, don kada a ƙone kuɗi. Guntun nan bai rage Narambaɗa da yawa ba, shi kuwa Shata ya yanke masa ƙafa. Yaron da ya tashi da jin guntaye lalle zai ce Shata maimaici ya yi masa yawa, alhali ba a ba shi abin da a ke maimaicin dominsa ba. Su ma masoyan Shata suna da nasu laifi. In an matsa musu, sai su ce ai waƙoƙinsa ba su ƙirguwa, ai Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi Dakta a 1988. Duk gaskiya ne, amma yawa da lambar girma ba su ne daɗin waƙa ba.

Akwai wani abu da ya fi gardamar nauyi. Mutanen nan biyu ba su bar waƙoƙinsu a rubuce ba. Abin da ya rage na Narambaɗa kaɗan ne, na Shata kuwa a warwatse yake, wasu a gidajen rediyo, wasu a akwatunan tsofaffi, kaset yana cin ƙura. Sau da yawa a kan turo waƙar Musa Ɗanƙwairo da sunan Narambaɗa, don duk kotso ne, ba mai gyarawa sai in akwai dattijo a wurin. Shi ne zai ɗaga hannu ya ce a mayar baya, ya saurara kaɗan, ya faɗi mai waƙar da wanda aka yi wa ita.