Faifan Zinare na Voyager: Gaisuwa ga Baƙon da Ba a Sani Ba

Faifai ne na jan ƙarfe da aka shafe da ruwan zinare, faɗinsa inci 12, kamannin faifan garmaho da iyayenmu suka sani. An liƙa ɗaya a jikin kumbon Voyager 1, ɗaya a jikin Voyager 2, waɗanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 1977. A cikinsa akwai hotuna 115, da gaisuwa cikin harsuna 55, da sautukan duniya, da kiɗa na kimanin minti 90. Ba don ɗan Adam aka yi shi ba. An yi shi ne domin duk wata halitta mai hankali da ka iya tsintar kumbon a tsakanin taurari, in har akwai ta. Mu dai albarkacinta muka ci, tunda yau ana iya sauraronsa a waya. Ta nan na san shi, kuma na daɗe ina komawa gare shi.

Gwanintar da ta fi burge ni ba a cikin faifan take ba, a murfinsa take. Yaya za ka koya wa wanda bai san minti ba, bai san inci ba, yadda zai kunna faifai? Carl Sagan, shugaban kwamitin da ya tsara faifan, da Frank Drake da sauran abokan aikinsu sun nemi abin da yake iri ɗaya a ko'ina cikin halitta, suka tsaya kan haidurojin, sinadarin da ya fi kowane yawa a sararin samaniya. Ɗan lokacin da ƙwayar zarrarsa ke ɗauka wajen sauya hali shi suka mayar mudun awo, da shi suka nuna cewa faifan zai yi zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 3.6. Suka zana inda za a ɗora allura, suka haɗa da allurar kanta. Hoton farko kuwa da'ira ce kawai: in ta fito maka zagayayya, ka kama hanya, in ta fito a karkace, sai ka sake lissafi. Wannan ladabin malami ne na gaske, wanda ya san ba zai kasance a wurin ba lokacin da ɗalibi zai yi kuskure. A gefe ga taswirar taurari 14 masu ƙyafta haske a kan ƙa'ida, domin a gane inda ranarmu take, ga kuma ɗan ɗigon yuraniyom wanda lalacewarsa a hankali za ta faɗi shekarun faifan.

Sashen sautuka shi ne na fi jin na gida ne. Akwai iska da ruwan sama da tsawa, akwai kukan gyare da na kwaɗi, har da na kura. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da fadamun rake na Kudan ko Maƙarfi a tsakiyar damina ya san wannan daren. Daga nan sai maƙeri yana dukan ƙarfe, da masu kiwon tumaki, da keken doki, da tarakta, da jirgin ƙasa, da uwa tana lallashin jaririnta. An jera su daga abin da ya riga mutum zuwa abin da mutum ya ƙera, babu mai sharhi ko ɗaya. Wannan kame bakin ya yi mini daidai.

A kiɗan, Bach ya samu gurbi uku, Beethoven biyu. Amma wanda nake tsayawa a kansa shi ne Blind Willie Johnson, makahon mawaƙi daga Texas da ya rasu cikin talauci a 1945. Babu kalmomi a waƙar tasa da aka ɗauka a 1927, gurnani ne kawai da jita mai jan sauti. Duk wanda ya zaɓe ta ya fahimci cewa baƙon ba zai ji Turanci ba, amma wataƙila ya ji nauyin murya. Haka muryar Kesarbai Kerkar ta Indiya, da molon gargajiyar Sin a hannun Guan Pinghu, wanda ke barin shiru tsakanin sauti da sauti har ka zaci ya gama.

To, ga inda nake da ƙorafi. A harsunan nan 55 babu Hausa, babu Yarbanci, babu Ibo, babu Suwahili. Akwai Larabci, akwai harsunan Afirka irin su Luganda da Nyanja da Sotho, har ma da harsunan da suka mutu tun tuni, kamar na Sumer da na Hitti. Ba na ɗora wannan kan raini. Makonni shida kacal aka ba kwamitin, masu gaisuwar kuma yawanci waɗanda aka samu ne a kewayen jami'ar Cornell. Sai dai gaggawa ta bar tabo: kiɗan da aka yi shekaru ana cewa na Senegal ne, sai da aka sake fitar da faifan a 2017 aka gyara cewa na mutanen Mahi ne na ƙasar Benin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin kalangu. Ganga ce da ke bin hawa da saukar muryar mai magana, ma'ana kiɗa ne kuma zance ne a lokaci guda. In ana neman nuna wa baƙuwar halitta cewa sauti na ɗauke da ma'ana, ban san hujjar da ta fi wannan ba.

Ƙorafi na biyu, da gangan 'yan kwamitin suka kauce wa hotunan yaƙi da cuta da talauci da addini. Na fahimci dalilin. Kowa na share tsakar gida in zai yi baƙo. Amma duniyar da babu masallaci, babu coci, babu maƙabarta cike da masu jana'iza, ba ita ce wadda na sani ba. Kiɗan ya fi hotunan faɗin gaskiya, domin shi bai ɓoye baƙin ciki ba.

Tunanin leƙa sararin samaniya ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. A 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin yaro Kilba da ya yi tafiya zuwa sararin samaniya. Mai karatu a Ikara ya riga Voyager tashi da shekara takwas. A lokacin ba a san ko duniya ɗaya da ke kewaya wata tauraruwa ba. Yau an tabbatar da fiye da 5,000, ko da yake har yanzu ba a ga alamar rai a ko ɗaya ba, kuma sauraron saƙon baƙin halittu da Drake ya fara a 1960 bai kamo muryar kowa ba.

Voyager 1 ya fita daga yankin iskar rana a 2012, ya yi nisan fiye da kilomita biliyan 24, kuma sai bayan shekara kusan 40,000 zai gifta kusa da wata tauraruwa. Ga mai son saurare, ina ba shi shawara ya nemi fitowar 2017, domin daga ainihin tef ɗin farko aka ɗauko ta, an kuma gyara sunayen makaɗan. Ya fara da sashen sautuka kafin kiɗa, kuma kada ya tsallake gaisuwar, duk da tsawonta.