Mazaunin Bodi a Kan Shasi

A wani gareji bayan wata masana'anta da ta daina aiki a Sharada na tarar da ita: tsohuwar Landiroba, irin wadda 'yan sanda da malaman dabbobi suka riƙa ratsa karkara da ita a da. An sauke bodinta an jingine gefe, shasin kuma yana kan durom huɗu, tsatsa ta cinye masa hannuwa.

Masu Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ba su san wannan wahala ba, domin jikinta da ƙashinta a haɗe suke. Landiroba irin ta da kuwa, tun fitowarta a Ingila a 1948, abu biyu ce: shasin ƙarfe mai kamar tsani, da bodi wanda galibinsa gorar ruwa ce, ana ɗaure shi da noti a kan wasu hannuwa da aka yi wa walda a gefen shasin. To, idan hannuwan sun ruɓe sun zube, a ina za a mayar da sababbi?

Maigidan garejin bai taɓa na'urar walda ba sai da ya shafe rabin yini yana karanta ƙarfe. Ya kankare shasin da burushin waya, yana shafa shi da yatsa kamar makaho. Tsohuwar walda tana barin tabo, ko bayan shekara arba'in. Inda gorar ruwa ta daɗe tana gugar ƙarfe kuma, akan ga wani farin gari kamar toka. Duk inda ya ga alama sai ya zana alli.

Amma bai yarda da tabo kaɗai ba, don motar da ta sha ramuka tana iya karkacewa. Ya ɗaura noti a bakin zare, ya saki daga kowace alama, yaronsa yana ɗiga alli a siminti daidai inda notin ya tsaya. Da haka shasin ya sauko ƙasa ya zama zane. Suka ja layi a tsakiya, suka auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa ta baya: inci 109, kamar yadda sunan motar, Landiroba 109, ya ce. Sannan awon da ya fi burge ni, na gicciye: daga gaban hagu zuwa bayan dama, daga gaban dama zuwa bayan hagu. In suka zo ɗaya, shasi lafiya lau.

Yaron ya ce, "Oga, ai sun yi daidai, a kama kawai."

"Kai dai ɗan ɗiga mata wuta tukuna. Ƙofa ce alƙali."

Haka aka yi. Suka ɗora bangon gaba da akwatin baya, suka rataya ƙofofi. Ta dama ta rufe ƙyas, ta hagu ta cije ta sama. Ya fasa ɗigon waldar, ya matsar da hannun tazarar da ba ta fi kaurin ashana biyu ba, ya sake gwadawa.

Daga Bompai zuwa Challawa za ka samu masu walda bila adadin, amma masu wannan haƙuri ƙalilan ne. Idan za ka kai tsohuwar motarka, ka dubi simintin garejin kafin ka yi ciniki, ka ga ko akwai alli a kansa.