Matar da ke bisa kwalin sabuni, ƴar wane gari ce?

 Yau zancen hoto za mu yi. Hoton matan nan da kuke gani bisa kwalin sabuni, da kwalbar mai, da manyan alluna a bakin hanya.

Kowa ya san talla. Yarinya ta ɗauki ƙosai bisa kai, ta zaga gari tana kira. Bafillata ta kawo nono kasuwa, ta buɗe ƙwarya. Kana ganin mai kaya, kana ganin kayan. In nono ya yi tsami, ka ɗanɗana ka faɗa mata. In ta cuce ka, kasuwa mai zuwa za ka iske ta gindin iccen da ka bar ta.

Tallan manyan kamfanoni ba haka yake ba. Masu kamfani ba su zuwa da kansu. Hoto suke aikowa. Hoto kuwa ba ka iya yi masa tambaya.

Wata rana a ajinmu na karatun manya, wata uwa ta zo da kwalin man shafawa don mu koyi karanta abin da ke jiki. Ta daɗe tana kallon matar da ke bisa kwalin. Sai ta ce: "Malam, wannan ƴar wane gari ce? Ko ƙurji ɗaya babu a fuskarta." Na ce mata: "Inna, ba ta da gari. Ko ita kanta in ta tashi da safe ba haka take ba." Aji ya fashe da dariya. Amma ba wasa nake yi ba. Ga bayani.

Yadda ake yin hoton talla

A ƙasashen Turai da Amurka, tsayawa a ɗauki hotonka sana'a ce. Akwai ƴan mata da ba su da wani aiki sai wannan. Kamfani yakan zaɓi doguwa, siririya, mai ƙuruciya. A yi mata kwalliya. A kunna mata fitilu. A ɗauki hoto da yawa, a zaɓi guda. Sa'an nan a sa shi cikin kwamfuta a gyara. A share tabo. A rage ƙugu. A ƙara hasken fata. Abin da ya fito, shi ake nuna wa duniya a ce wannan ita ce kyakkyawa.

Abin ya ci mutane. Ƴan mata da yawa sun riƙa ƙin abinci don su rame su yi kama da hoto. A shekarar 2006 wata mai wannan sana'a ƴar ƙasar Barazil, Ana Carolina Reston, ta mutu da ciwon ƙin cin abinci. Shekararta 21. Nauyinta bai wuce kilo 40 ba. A wannan shekara, a birnin Madrid na ƙasar Sifen, an hana ramammu ƙwarai shiga bikin nunin tufafi.

Dabarar Dove

Dove sunan sabuni ne da man shafawa. Kamfanin Unilever ke yin su. A shekarar 2004 masu Dove suka fito da sabuwar dabara. Suka ce sun gaji da hoton ƙarya, za su nuna mata na gaskiya. Sun biya an tambayi mata 3,200 a ƙasashe 10. Cikin kowace mace 100, biyu kaɗai suka yarda su kira kansu kyakkyawa.

Sai suka fara sa matan da ba sana'arsu ba ce cikin talla. Ga mai jiki, ga gajera, ga baƙa, ga mai furfura. A shekarar 2006 kuma suka yi wani ɗan gajeren fim, minti ɗaya da ƴan kai. An zaunar da wata mace gaban mai hoto. An yi mata kwalliya. An ɗauki hoto. Sai aka nuna yadda kwamfuta ta ƙara mata tsawon wuya, ta ƙara girman idanunta. Daga ƙarshe aka liƙa hoton bisa allo. Wanda ya san ta ba zai gane ta ba.

Mu faɗi gaskiya: wannan aiki yana da amfani. Mai sayar da kaya ne da kansa ya tona asirin sana'arsa. Gani ya kori ji. Yarinyar da ta ga fim ɗin ta san cewa fuskar allo aikin inji ce. Kuma mace mai jiki ko mai shekaru ta ga irinta bisa allo, ba a ɓoye ta ba. Na yaba da wannan, kuma ina so ku yaba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Mai karatu, kada ka tsaya ga hoto. Ka tambayi abin da ake sayarwa.

Inda aka yi tuntuɓe

Na farko. Cikin tallan farko da aka yi da matan nan masu jiki, abin da ake sayarwa man ɗaure fata ne, wanda aka ce yana gyara cinya da ta saki. Ka ji fa. Da baki ɗaya an ce mata jikinki yana da kyau yadda yake. Da ɗaya bakin an ce saya ki gyara shi. In jikin ba shi da aibi, mene ne na magani?

Na biyu. Su ma matan na gaskiya zaɓensu ake yi. A shekarar 2010 wata sanarwa ta fito a birnin Niyok ana neman matan da za su yi tallan Dove. An ce a zo da fata mai santsi, ba tabo, da gashi mai kyau. Da mutane suka yi surutu, kamfanin ya ce ba da izininsa aka rubuta ta haka ba. To, ko da haka ne, sanarwar ta nuna yadda masu zaɓe ke tunani. Matar da rana ta ƙona a gona, wadda hannunta ya yi kanta saboda daka da guga, ba ita ake nema ba.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi. Kamfanin Unilever ɗin nan shi ne mai wani man da ake kira Fair & Lovely. An fara sayar da shi a ƙasar Indiya a shekarar 1975. Ma'anar sunan: fara kuma kyakkyawa. Shekara da shekaru tallansa yana nuna yarinya mai duhun fata cikin baƙin ciki. Ta shafa mai, ta yi haske, sai aiki ya samu. Sai a shekarar 2020, bayan mutane sun matsa, aka sauya masa suna ya koma Glow & Lovely. Ke nan lokacin da ake ce wa matan Turai su so jikinsu, ana ce wa matan Indiya su sauya launinsu. Kuɗin kuma aljihu ɗaya suke shiga. Da kura na maganin zawo, da ta yi wa kanta.

Na huɗu. A watan Oktoba na 2017 Dove ya sa wani ɗan talla a Facebook. Baƙar mace ta tuɓe riga, sai ta zama farar mace. Ita ma ta tuɓe, wata ta uku ta fito. Mutane da yawa sun ga kamar ana cewa sabuni yana wanke baƙi ya koma fari. Kamfanin ya janye tallan, ya nemi gafara.

Abin da ya faru a Jamus

Akwai wata jaridar mata a Jamus mai suna Brigitte. Daga farkon 2010 ta daina ɗaukar masu sana'ar hoto. Ta koma sa matan gari cikin shafunanta na tufafi. A shekarar 2012 ta janye wannan doka. Aiki da wadda ba ta saba ba yana cin lokaci. Kuma wasu masu karatu sun koka. Sun ce matan garin da ake zaɓa su ma kyawawa ne ƙwarai. Da can mace na iya cewa: wannan ai sana'arta ce. Yanzu an ce mata wannan irinki ce, amma ta fi ki nesa. Sai ciwon ya ƙaru.

Darasin a fili yake. Sauya matar hoto bai isa ba, in mai zaɓe bai sauya mudunsa ba.

Mu ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce. A'a, ta iso mu. A shekarar 2017 an kafa allunan tallan wani man Nivea a Najeriya, da Gana, da Kamaru, da Senegal. Wata tsohuwar sarauniyar kyau ta Najeriya ce cikin tallan. Alkawarin da aka rubuta shi ne fata za ta ƙara haske. Mutane da yawa sun yi fushi.

Daga 1 ga Oktoba 2022, hukumar da ke lura da talla a Najeriya ta hana amfani da baƙi ƴan wata ƙasa cikin tallan da ake yi don ƴan Najeriya. Wannan yana iya ba ƴan ƙasa aiki. Amma ka tuna, matar tallan Nivea ƴar ƙasa ce. Ƴar gida ma ana iya ba ta saƙon da zai raina gida.

Mu ba rama muke so ba. A wajenmu mace mai jiki ita ake yabo. Amma tarkon iri ɗaya ne. Can yarinya na ƙin abinci. Nan wata na haɗiyar ƙwayar ƙiba ba da sanin likita ba. Wata na shafa man bilicin don ta yi fari kafin biki.

Ina so a rarrabe. Mayukan da suka fi haɗari su ne waɗanda ake haɗawa a ɓoye, ake sayarwa a tebur ko cikin roba ba suna. Wasunsu na ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda, tana kuma iya cutar da ɗan da ke ciki. Wasu na da maganin kumburi mai ƙarfi. Shi yana sa fata ta yi sirara, ta tsattsage, rauni ya ƙi warkewa. Wasu kuma in an daɗe ana shafawa, kumatu su yi baƙi ƙirin fiye da da. Saboda irin wannan ɓarna ƙasar Kwaddibuwa ta hana su a 2015. Amma wa ya buɗe musu kasuwa? Hoton da ya koya wa yarinya cewa launinta aibi ne.

Karatu ya shiga nan

A Faransa, daga 1 ga Oktoba 2017, doka ta ce in an rage ko an ƙara jikin mai talla da kwamfuta, dole a rubuta haka jikin hoton. Wanda ya ƙi, ana iya cin shi tarar da ta kai kusan miliyan 25 na sefa. Doka ce mai kyau. Amma rubutu ba ya amfanin wanda bai iya karatu ba. Kai kuwa yanzu ka iya.

In ka ga hoton talla, ka tambayi kanka: wa ya biya aka yi shi? Me yake so in saya? Wane aibi yake son in gani a jikina, ko a jikin matata? Ka juya kwali ka duba ƙananan baƙaƙe. In ka ga ɗaya cikin kalmomin nan, hydroquinone, ko mercure, ko clobétasol, ka aje shi. Ka kwafe su cikin littafinka. Wasu masu haɗawa ba su rubuta gaskiya. Don haka man da ya yi alkawarin fari cikin ƴan kwanaki, a guje shi ko da ba a rubuta komi ba. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa, ta je likita a duba ta, kada kunya ta hana ta.

Maza, ku ma da naku. Mace ba ta ƙona fatarta don allo kaɗai. Sau da yawa magana ce ta ji a gida. Miji ya ce zai ƙaro fara. Samari sun yi wa baƙa dariya a dandali. Jikar da aka kashe wajen mai, da ita za a sayi gero ko maganin yaro. Kai da ka yi gorin, kai ma ka sa hannu cikin asarar.

Hukuncina

Gara a nuna matan gari bisa a nuna waɗanda inji ya ƙera. Wannan ba shakka. Amma kada mu ɗauki mai talla malamin tarbiyya. Shi ciniki ya kawo shi. Ranar da yabo ke kawo riba zai yabe ki. Ranar da tsoro ke kawo riba zai tsorata ki. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Mu ma haka za mu ce. Kamfanin da ya ce yana girmama mata, ya daina sayar musu da kunyar launinsu a kowace ƙasa, ya nuna tsohuwa da tabonta, da manomiya da kantar hannunta.

Uwar nan da ta kawo kwali ajinmu ta karanta shi har ƙarshe, baƙi bayan baƙi. Ta ce za ta kai wa ɗiyarta ta karanta mata. Kai ma ka yi haka. Ka ɗauki jaridar nan ka karanta wa mutanen gidanku da dare. Ku yi shawara a aji. In kuna da abin cewa, ku rubuto mana da hannunku.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Amin.