Tauraron da Ba Ya Mutuwa: Nazarin Labaran Matuƙa a Wasan EVE Online

A shekarar 2003 kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ya fitar da wasan kwamfuta mai suna EVE Online, wanda dubban mutane ke yi tare ta intanet, kowa da jirginsa a sararin samaniya. Duniyar wasan ta ƙunshi manyan dauloli huɗu, wato Amarr masu tsananin addini da riƙon bayi, da Minmatar waɗanda suka yi tawaye suka kuɓuta daga hannun Amarr, da Caldari inda kamfanoni ke mulki, da Gallente masu dimokuraɗiyya. Wasu ƙungiyoyin 'yan wasan ba su tsaya ga harbe-harbe ba. Ɗan ƙungiya yakan rubuta tarihin matuƙin da ya ƙaga, asalinsa da dalilin shigarsa yaƙi, sa'an nan ya riƙa magana da yawunsa. Irin wannan rubutu ne za a duba a nan ta fuskar ginin tauraro.

Matsalar farko ita ce matuƙin ba ya mutuwa. Bisa ga tsarin wasan, yana zaune ne cikin wani ƙwanso a tsakiyar jirgi, in aka fasa ƙwanson sai na'ura ta kwashe tunaninsa ta zuba a sabon jiki da aka tanada masa a wata tasha. Labarin yaƙi kuwa tun asali da fargabar mutuwa yake riƙe mai sauraro. Da yawa daga marubutan sukan cike wannan giɓi ta hanyar jibga mace-mace a ƙuruciyar tauraro: an kashe iyayensa, an ƙone garinsu, shi kaɗai ya tsira, ya tashi ya fi kowa iya tuƙi. Wannan ya fi kusa da kirari. Kirari yana da muhallinsa, domin ɗan tauri a gaban jama'a yake yin nasa, kuma wuƙa tana kusa don a gwada. A nan kuwa mai rubutu ya gama bayar da fansa da nasara tun kafin a fara wasa, bai bar wa abokansa ƙofar shiga ba. Cutar ma daɗaɗɗiya ce. Tun a 1973 Paula Smith ta yi wa masu rubuta labaran Star Trek shaguɓe da Mary Sue, yarinya 'yar shekara goma sha biyar da rabi wadda ta fi kowa komai a cikin jirgi, har sunan ya zama lamba ga duk tauraron da marubucinsa ya shagwaɓa.

Abin da ya kamata marubuci ya tambayi kansa shi ne, me wanda ba ya mutuwa zai iya rasawa? Wasan da kansa ya ba da amsa. Jirgin da aka tarwatsa ya tafi ke nan, tare da wahalar da aka sha wajen tara kuɗinsa. A yaƙin B-R5RB na Janairun 2014, wanda ya ɗauki kimanin sa'o'i 21, an hallaka manyan jirage 75 na ajin Titan, kuma mafarin rigimar rashin biyan kuɗin riƙon yanki ne a kan lokaci. Da wuya marubuci ya yarda ya ɗora yaƙi irin wannan a kan sakacin ma'aji, alhali kuwa a nan daɗin labarin yake. Haka nan amana. A 2005 'yan ƙungiyar Guiding Hand Social Club suka shafe watanni suna cikin ƙungiyar Ubiqua Seraph a matsayin amintattu, rana ɗaya suka harbe shugabarta suka wawashe dukiyarta. Shugabar ta farka a sabon jiki, amma abin da ta rasa ba na'urar da za ta mayar mata.

Saboda haka tarihin da ya fi armashi shi ne wanda ya ɗora wa tauraro bashi ko alkawari da bai cika ba. Alal misali, matuƙi ɗan Minmatar wanda mahaifiyarsa ke hannun Amarr har yanzu, kuma jirgin da yake tuƙawa rance ne daga wani attajirinsu. Layi biyar sun isa a faɗi wannan, wani ɗan wasa kuma yana iya tasowa a matsayin mai bin bashin.

Masu ɗaukar ɓangaren Amarr su ne suka fi fuskantar jarrabawa. Gabar da aka daɗe ana yi a yankin Providence tsakanin CVA masu biyayya ga Amarr da Ushra'Khan masu neman 'yanta bayi ta yi ƙarfi ne domin kowane ɓangare ya tsaya kan aƙidar taurarinsa. Marubuci mai rauni yakan ji kunyar ubangidan bayin da ya ƙaga, sai ya sa shi yana sakin bayi a ɓoye, ya wanke kansa ya kashe labarin. Wanda ya ƙware yakan bar ubangidan ya yi magana cikin natsuwar mai ganin alheri yake yi wa bawansa, ya bar hukunci ga mai karatu da kuma jiragen abokan gaba da ke jiransa a bakin ƙofar tasha.