Kirari a Tagulla: Sharhi a kan Zauren Gwarazan Amurka da Ke Kusa da Mount Hope

Unguwar Mount Hope da ke Bronx, a birnin New York, tana cikin wuraren da 'yan Afirka ta Yamma suka yi kaka-gida, har da Hausawan zangunan Ghana. Tafiya kaɗan daga nan, a harabar kwalejin Bronx Community College, akwai wata doguwar baranda mai ginshiƙai da ake kira Hall of Fame for Great Americans, wato Zauren Gwarazan Amurka. Stanford White ne ya zana ginin, aka buɗe shi a 1901. Wannan sharhi ya ɗauki zauren a matsayin matani, domin a ga abin da ya faɗa game da waɗanda suka kafa Amurka da abin da ya yi shiru a kai.

Tsarin zauren ya yi kama da na kirari. Kowane gwarzo yana da mutum-mutuminsa na tagulla, daga ƙirji zuwa kai, a ƙarƙashinsa kuma allo mai ɗauke da suna da shekaru da wata zaɓaɓɓiyar magana tasa. George Washington da John Adams da Thomas Jefferson da Benjamin Franklin suna cikin rukunin farko na 1900, James Madison ya biyo baya a 1905. Kamar yadda maroƙi ba ya ambaton aibun ubangidansa, haka allunan suka tsallake batun bauta. Alhali a 1799, shekarar rasuwar Washington, bayi 317 ne a gandunsa na Mount Vernon, 123 daga ciki nasa ne na kansa, waɗanda ya yi wasiyyar a 'yanta su. Jefferson ya mallaki fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Madison kuwa bai 'yanta nasa ba.

A 2017 aka cire mutum-mutumin Robert E. Lee da na Stonewall Jackson, janarorin da suka yi wa Kudu yaƙi, adadin ya sauko daga 98 zuwa 96. Matakin ya dace, amma gyaran ya tsaya a inda ya fi sauƙi. An fitar da waɗanda suka ɗauki makami don kare bauta, ba a ce komai ba game da waɗanda suka ba ta mazauni a kundin tsarin mulki na 1787, inda aka ƙidaya bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa.

Babban giɓin zauren shi ne rashin Gouverneur Morris, ɗan wannan yanki, wanda titin Morris Avenue da ya ratsa Mount Hope yake ɗauke da sunan zuriyarsu. Shi ya tsara lafazin gabatarwar kundin, kuma a taron Philadelphia ya fito fili ya la'anci bauta, duk da cewa da gumin bayi gidansu na Morrisania ya bunƙasa. Irin wannan mutum mai cike da saɓani ba ya shiga ma'aunin kirari cikin sauƙi, amma shi ya fi koyar da mai nazari.

Ra'ayin wannan sharhi shi ne a bar mutum-mutumin shugabannin a inda suke, a ƙara wa allunan abin da aka tsallake. Wannan hukunci ya hau kanmu mu ma. Daular Usmaniyya ta bar mana ilmi da tsarin mulki, ta kuma dogara da rinjojin bayi, sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Manazarcin da ya nemi a faɗi gaskiyar Mount Vernon, wajibi ne ya nemi a faɗi ta rinjojin Kano da Zazzau da ma'auni guda.