Tsakanin Iska da Sinadari: Sharhi a Kan Yadda Ake Bayanin Taɓin Hankali da Hausa

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba wata magana da ta zama ruwan dare a shirye-shiryen kiwon lafiya da rubuce-rubucen wayar da kai, watau cewa ciwon damuwa ƙarancin wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa. Masu faɗar haka da kyakkyawar niyya suke yi, don a daina ɗora kome a kan iska ko sammu. Amma a ganinmu an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Bahaushe ya daɗe yana ajiye motsin rai a ciki da zuciya, shi ya sa yake cewa baƙin ciki da ɓacin zuciya. Ita kuwa kalmar "taɓi" tana nuna akwai mai taɓawa. Da aka kawo "sinadari" sai ya hau kujerar iska: dalili guda, wanda ba a gani, wanda magani guda ke kawarwa. Suna ya sake, tunani bai sake ba.

Ga asalin wannan ra'ayi. A 1952, a birnin Paris, likitoci Delay da Deniker suka ga maganin kulorfuromazin yana kwantar da masu hauka, daga baya aka gane yana tare aikin sinadarin dofamin. A 1965 Joseph Schildkraut ya kawo hasashen cewa damuwa na da alaƙa da ƙarancin noradirenalin, wasu kuma suka ce serotonin. Da aka amince da Prozac a Amurka a 1987, sai hasashe ya shiga bakin jama'a tamkar tabbas. Kuskuren a fili yake: don ruwa ya kashe gobara, ba a ce rashin ruwa ne ya tayar da ita ba. Irin wannan magani yakan ƙara serotonin cikin sa'o'i, amma sauƙi sai bayan makonni. Daɗin daɗawa, a 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi, ba su sami tsayayyar hujjar cewa ƙarancin serotonin ke jawo damuwa ba.

To, mene ne aka sani? Ƙwaƙwalwa na da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, masu aika wa juna saƙo. Amigdala ke ƙararrawar tsoro, goshin ƙwaƙwalwa ke ja mata linzami. Idan wahala ta daɗe, sinadarin kotizol yakan yawaita, ya raunana sashen hifokamfas mai riƙe tunawa. Game da sikizofireniya, cutar da kan sa mutum jin muryoyi, binciken 2014 ya gano wurare 108 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita, kowane da ɗan rabonsa. Duk da haka, idan ɗaya daga tagwaye masu kama ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗan'uwansa yakan tsira. Ashe gado da jiki da halin rayuwa duwatsun murhu ne.

Wannan ba gardamar kalmomi ba ce kawai. Wanda aka ce masa ƙaranci ne, in ya sha magani mako guda bai ga sauƙi ba, sai ya yar. Wanda kuma ya ji an rushe hasashen, sai ya ce maganin ma ƙarya ne, alhali yana taimakon mutane da yawa, kuma barinsa farat ɗaya ba da shawarar likita ba yana da haɗari.

Saboda haka muna ba marubuta shawara su riƙa cewa "tangarɗar sadarwa tsakanin sassan ƙwaƙwalwa", su kuma ambaci talauci da rashi da firgita tare da magani. Tun 1954 Farfesa Lambo ya zaunar da majinyata da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta, suna karɓar magani a asibiti. Ya kamata harshenmu ya ɗauki wannan faɗin gani.