Ba kullum fentin ne jabu ba: abin da ke ɓare fentin robobin babur

Ka lura da baburan da ke kai-komo tsakanin Balan da Gaya ko Ajingi. Da yawansu an sake musu fenti, wani ja, wani shuɗi, wani har da kirari a murfin gefe. Ka sake duba su bayan wata uku. Tankin mai, wanda ƙarfe ne, yana nan da fentinsa, amma na robobin ya fara ɓarewa kamar ɓawon soyayyar gyaɗa. Mai babur zai ce maka mai fenti ne ya cuce shi. Shi kuma mai fenti zai ce fentin da ya sayo a Ƙofar Ruwa ne jabu. Wannan amsa ta biyu ce ban yarda da ita ba. Jabun kaya kam akwai shi a kasuwa, amma in fentin ne matsalar, ta yaya gwangwani ɗaya zai kama tanki ya ƙi kama roba?

Kuskuren farko shi ne yadda muke kiran komai roba, alhali iri-iri ce. Ka kwance murfin ka juya bayansa, sau da yawa za ka ga an buga wasu haruffa a jiki, kamar >ABS< ko >PP<. Ta farkon tana karɓar fenti ba gardama. Ta biyun, wato folifurofilin, ita ce mai taurin kan. Wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Giulio Natta, ya samar da ita a 1954, ya kuma raba kyautar Nobel da Karl Ziegler na Jamus a 1963. Da ita ake yin yawancin bokitai da kujerun roba da bambar mota, saboda tana da araha, ba nauyi, kuma tana lanƙwasa ba ta karye ba. In ba ka ga haruffan ba, ka yanki ɗan mitsitsi daga inda ido ba ya gani ka jefa a kofin ruwa. PP za ta taso, don ta fi ruwa sauƙi. ABS za ta nutse.

To me ya sa take ƙin fenti? A ƙirarta babu komai sai sinadarin kabon da haidirojin, kusan 'yar'uwar kakin kyandir ce. Ka tuna yadda ruwa ke dunƙulewa a kan ganyen gwaza ya gangare bai jiƙa shi ba? Haka fenti ke yi mata, sai dai ido ba ya gani. Masana na auna yadda fuskar abu ke janyo ruwa-ruwa, kuma a wannan ma'auni PP tana wajen 30, alhali fenti na bukatar kusan 38 zuwa sama kafin ya kama sosai. Don haka fentin kwanciya kawai yake yi a kanta ya bushe. Ranar da tsakuwa ta ɗan fasa shi, ruwa ya shiga ƙarƙashi, shi ke nan.

Masana'antun mota sun daɗe da sanin wannan. Wasu kan gifta harshen wuta a kan robar cikin sauri, don iskar oksijin ta maƙale a fuskarta ta ba fenti wurin kamawa. Wasu kan fara fesa wani siririn shafi na musamman, wanda yake kama roba ta ƙasa, fenti kuma ya kama shi ta sama. Ana sayar da irinsa a ƙaramin gwangwanin feshi, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa a wurinmu. Abin da aka saba shi ne a goge robar da tsumma da fetur, a bar ta minti biyu, a fesa. Fetur kuwa yakan bar maiƙo. Ga man da matasa ke shafa wa robobi don su yi ƙyalli, wanda galibi akwai silikon a ciki, babban abokin gabar fenti. Wanki da omo da ruwan ɗumi, da ɗan gurzawa da lallausar samfefa, sun fi fetur ɗin nan amfani nesa ba kusa ba.

A nan ne nake jin haushin bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook. Za a nuna maka murfi yana walƙiya minti biyar bayan feshi, a ce wai an gama. Ai ɗanyen fenti ko a kan ganye ka fesa shi zai yi ƙyalli. Wasu ma cewa suke a labta tina, ba tare da faɗin wace roba ce ba. Tina mai ƙarfi tana cin ABS, ta sa ta tsattsage. In hular kwano aka yi wa haka, za ta iya raunana ba tare da an gani ba, sai ranar da aka faɗi.

Sai zafin rana. In ta ɗau zafi, PP na buɗewa kusan ninki goma na yadda ƙarfe ke yi. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, da asuba kuma gari ya huce, ga girgizar hanyar ƙauye. Fentin ƙarfe in ya bushe ƙanƙara yake zama, ba ya bin robar, sai ya dare. Shi ya sa ake ƙara masa sinadarin da ke sa shi laushi, kuma siririn shafi sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya. Launi kuwa rana ce ke cinsa, ja mai araha ya fi saurin koɗewa in ba a rufe shi da shafin ƙarshe mai kare hasken rana ba.

Ban ɗora wa masu fenti laifin duka ba fa. Mai babur ɗin haya yana son kayansa kafin la'asar, kuma ba zai ƙara ko sisi ba. Shi mai fentin ma yana asarar da ta fi kuɗi: fentin mota da ake haɗawa da sinadarin busarwa yana ɗauke da aisosayanet, wanda ke haddasa asma, kuma hankicin da yaran shago ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi.

In za ka ba da aiki, ka nemi a fara gwadawa a bayan murfin. Bayan 'yan kwanaki, ka sa reza ka ja layuka shida a tsaye, shida a kwance, ka manna salatif mai ƙarfi ka fizge. Kusan haka ake gwajin a ɗakin bincike. In ƙananan murabba'an sun biyo salatif ɗin, kar ka bari a fesa gaban tukuna.